Zamanin da ƙarfe ba ya tsatsa: tarihin iskar duniya da hawa-hawanta

Ka yar da ƙusa a tsakar gida a farkon damina, kafin kaka ta yi jawur da tsatsa. Kwanon rufin da aka buga yana ƙyalli, shekara kaɗan sai ka ga ya soma ja daga bakin indararo. Ita kanta marmarar da tifofi ke kwasowa daga ramukan bayan gari ana zubawa a hanya, jan nan nata tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ya sha iska. Mun saba da abin har ba ma ganinsa. To amma masu nazarin duwatsu sun gano cewa duniyar nan ta yi kusan rabin rayuwarta, wato shekara sama da biliyan 2 daga cikin biliyan 4.5 da take da su, a wani hali da ƙusa za ta shekara dubu a fili ba ta yi wannan jan ba, ashana ba za ta kama ba, mutum kuma da zai tsinci kansa a wurin ba zai wuce 'yan mintoci a raye ba. Iskar da ke sa tsatsa, wato oksijin, ita ke sa wuta ta ci, ita muke shaƙa, kuma a wancan zamanin babu ita.

A yau in ka ɗebi busasshiyar iska ka kasa ta 100, kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kusan kashi 1 kuma wata iska ce mai suna agon da ba ta haɗuwa da komai. Iskar kabon da ake ta cece-kuce a kanta, a cikin kowace ƙwayar iska miliyan 1, nata 420 ne da 'yan kai. Duka wannan iskar kuma siririya ce ƙwarai. Kaurin duniya daga gefe zuwa gefe ya haura kilomita 12,700, amma rabin nauyin iskar yana ƙasa da kilomita 6 daga doron ƙasa, kashi 99 cikin 100 kuma bai wuce tsayin kilomita 32 ba, tazarar da ba ta kai tafiyar Kano zuwa Wudil ba. Da duniya albasa ce, da iskar ba ta fi busasshen ɓawon nan na waje ba.

Siririyar nan kuwa hawa-hawa ce, kuma zafi da sanyi ne suka raba ta. Hawan da muke ciki sunansa tirofosfiya. Dokarsa ita ce kana hawa sanyi na ƙaruwa, kusan digiri 6.5 a kowace kilomita, kuma duk wanda ya taɓa tashi daga zafin Kano ya kwana a Jos ya ji wannan a jikinsa. Tunda iskar ƙasa ta fi ta sama ɗumi, mai ɗumi kuma ba ta da nauyi, sai ta riƙa tashi ta saman na saukowa, kamar ruwa a tukunya bisa murhu. Wannan juyawar ce uwar gajimare da hadari da guguwa, a cikinta kuma hazon hunturu ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ƙuryoyin duniya masu ƙanƙara hawan bai fi kilomita 8 ba, amma a samanmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, ya kai 16 zuwa 17. Jirgin alhazai da ke keta hazo zuwa Jidda yana cikinsa har ya sauka.

In kana son ganin rufin wannan hawan da idonka, dubi hadarin yamma a watan Agusta. Zai taso kamar tulin auduga, yana kumbura yana hawa, sai can ƙoli kansa ya baje ya yi faɗi kamar an kifa masa faifai. Abin da ya tare shi shi ne hawa na biyu, sitiratosfiya, inda dokar ta juye, kana hawa ɗumi na ƙaruwa. Mai ɗumi na bisa, mai sanyi na ƙasa, don haka iska kwance take, gajimare ba ya iya kutsawa. Wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, shi ya bayyana wannan a 1902, bayan ya yi shekaru yana sakin balan-balan masu ɗauke da ma'aunin zafi daga kusa da birnin Paris. Abin da ke ɗumama wurin kuwa ozon ne. Oksijin ɗin da muke shaƙa ƙwaya biyu ce a manne. Hasken ultirabayolet mai ƙuna da ke zuwa daga rana yana raba su, waɗanda suka rabu su manne wa wasu su zama uku-uku, wannan shi ne ozon. Yana taruwa ne tsakanin kilomita 15 zuwa 35, yana shanye mugun hasken, shanyewar kuma ta zama ɗumi. Da za a sauko da shi duka ƙasa a danne, kaurinsa milimita 3 ne kacal, kamar kwali.

Daga kilomita 50 zuwa 85 sanyi ya sake dawowa, har ya kai digiri 90 ƙasa da sifili. Wannan ita ce mesosfiya, inda tsakuwoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya ke ƙonewa mu ce tauraro ya faɗi. Sama da ita tamosfiya ce, inda tashar 'yan sama jannati ke shawagi a tsayin kilomita 400, sannan eksosfiya, inda iska ke sirancewa har ta ɓace. A can sama rana na caza ƙwayoyin iska da lantarki, wurin ya zama kamar madubi ga zangon rediyo. Duk dattijon da ya taɓa kama London ko Jamus a gajeren zango da asuba, muryar ta je can ne ta dawo masa, kuma dalilin da ya sa tashoshi ke sauya mita tsakanin safe da dare ke nan, domin madubin na sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta.

Na sha jin ana ƙoƙarin daidaita waɗannan hawa-hawa da sammai bakwai. Ni dai ina ganin a bar wannan ga malaman tafsiri. Rabon da nake magana a kai na ma'aunin zafi ne, wani masanin ya ƙirga huɗu, wani biyar, kuma dukkansu suna nan kusa da kanmu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: rufin nan mai ɗumi da ke tare hadari ozon ne ya gina shi, ozon daga oksijin yake, oksijin kuma abu mai rai ne ya samar da shi. Ke nan tsarin saman da muka sani ƙanen duniya ne da nisa, kuma an yi wasu iskokin kafin wannan.

Ta farko ba ta daɗe ba. Haidirojin ce da hiliyam, ragowar gajimaren da rana da duniyoyinta suka fito daga ciki, kuma saboda rashin nauyi duniya ta kasa riƙe su. Har gobe ma muna asarar kusan kilo 3 na haidirojin a kowace daƙiƙa ta can ƙoli. Iska ta biyu daga cikin ƙasa ta fito, ta bakin duwatsu masu aman wuta: tururin ruwa, iskar kabon mai ɗimbin yawa, da naitirojin. Wannan numfashin na ƙasa bai tsaya ba har yau, kuma maƙwabtanmu na Kamaru sun ɗanɗana ɗacinsa. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos, wanda ke zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa, ta gangara ƙauyuka ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu, akasari suna barci. Da duniya ta huce, tururin ya sauko ruwan sama ya cika tekuna. Wasu 'yan ƙananan duwatsun zirkon da aka tsinta a tsaunukan Jack Hills na yammacin Ostireliya, masu shekara biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa kwance.

A nan wata tambaya ta taso, wadda Carl Sagan da George Mullen suka ɗaga a 1972. Rana a ƙuruciyarta ba ta kai ta yau haske ba, ta gaza da kusan kashi 30 cikin 100. Da iskar yau aka yi da waccan ranar, da duniya ta daskare gaba ɗaya, amma ga duwatsu na nuna koguna sun gudana. Amsar da akasarin masana suka tsaya a kai ita ce bargon iskar da ke riƙe wa duniya zafi ya fi kauri: iskar kabon ta ninka ta yau sau da yawa, ga kuma iskar mitan, irin wadda ke tashi daga rumbun shara da cikin shanu, wadda ta fi kabon riƙe zafi. Akwai alamun cewa a wasu lokutan mitan ya yi yawan da sama ta yi hazo ruwan goro a maimakon shuɗi.

To ina duk wannan kabon ya tafi? Yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwan sama na haɗiye iskar kabon ya zama ɗan tsami-tsami, ya ci dutse a hankali, koguna su kwashe narkakken su kai teku, halittun ruwa su gina kumba da katantanwa da shi, su mutu su kwanta a ƙasan teku, da daɗewa su zama dutsen farar ƙasa. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato da Malbaza a jihar Tawa ana yin siminti, haka ya samu, a zamanin da wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta a yankin, shekara kusan miliyan 60 da suka wuce. Kyawun wannan tsari shi ne yana gyara kansa. In duniya ta yi zafi, ruwan sama ya ƙaru, dutse ya ci da sauri, kabon ya ragu, a huce. In ta yi sanyi, cin dutse ya ja baya, duwatsu masu aman wuta su ci gaba da zuba kabon har a ɗumama. Sai dai aikin na nawa ne, yana ɗaukar shekaru dubu ɗaruruwa. Wanda ke son ganin yadda abin kan kasance in babu shi, ya dubi gamzaki da asuba. Duniyar Zuhura ce, girmanta kusan ɗaya da namu, amma ta rasa ruwanta, kabon ɗinta ya zauna a sama: kashi 96 na iskarta shi ne, nauyin iskar ya ninka namu sau 90, zafin ƙasarta ya haura digiri 460, ya isa ya narkar da dalma.

Yanzu sai oksijin, wanda a ganina shi ne babban labarin. Rayuwa ta daɗe da farawa kafin zuwansa. A yankin Pilbara na Ostireliya akwai duwatsu masu shekara kusan biliyan 3.5 da ƙananan halittu suka gina hawa bisa hawa. Daga baya wani jinsi ya bayyana, sayanobakteriya, dangin koren gansakukar nan da ke rufe kududdufi, wanda ya iya abin da ba a taɓa yi ba: ya ɗauki hasken rana ya fasa ruwa, ya haɗa da iskar kabon ya yi abinci, ya zubar da oksijin a matsayin dusa. Amma oksijin mayunwaci ne, duk abin da ya samu sai ya kama. Tekun wancan zamani cike yake da narkakken ƙarfe, duwatsu masu aman wuta na fitar da iskokin da ke cinye shi, don haka aka yi shekaru miliyoyi ana samar da shi ana shanyewa. Ƙarfen da ya kama ya kwanta a ƙasan teku cikin zane-zane, ja da toka-toka, kamar saƙi. Akasarin tamar da duniya ke narkawa a yau, wadda ake yin rodi da kwanon rufi da ita, daga irin waɗannan duwatsun ake haƙo ta, musamman a tsaunukan Hamersley na Ostireliya.

Ta yaya aka san babu oksijin a sama kafin nan? A ma'adinan zinare na Witwatersrand da ke gefen Johannesburg ana samun tsakuwoyin fairait, wani dutse mai ƙyallin zinare, sun mulmule kamar yadda kogi ke mulmula tsakuwa. A kogin yau fairait ba ya kai labari, iska na cinye shi ya zama tsatsa. Ke nan kogunan da suka gangaro da shi kusan shekara biliyan 3 da suka wuce sun gudana ne ƙarƙashin saman da babu oksijin. Daga wajejen shekara biliyan 2.3 da suka wuce irin waɗannan tsakuwoyin suka ɓace, jajayen duwatsun rairayi suka fara bayyana a ko'ina.

Hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ta fi kusa da maganar hawa-hawa, James Farquhar da abokan aikinsa ne suka fito da ita a shekarar 2000. Sun auna farar wutar da ke cikin tsofaffin duwatsu suka ga wata irin alama da ba ta samuwa sai in hasken ultirabayolet ya daki hayaƙin farar wuta kai tsaye a cikin iska. Duwatsun da suka haura shekara biliyan 2.4 suna da ita, waɗanda suka biyo baya ba su da ita. Ma'ana, a da hasken nan na ratsowa ba mai tare shi, sannan wani abu ya zo ya tare. Wannan abu shi ne ozon. Wato a jikin dutse aka karanta lokacin da aka yi wa duniya rufi, tsakanin shekara biliyan 2.4 zuwa 2.3 da suka shige. Kafin nan oksijin ɗin sama bai kai kashi 1 cikin 100,000 na yawansa na yau ba.

Zuwan nasa bai zo da daɗi ba. Ga halittun da suka saba da rashinsa guba ne, jikokinsu har yau suna ɓoye a cikin laka da hanjin dabbobi. Ya kuma cinye iskar mitan, bargo ya yi sirara, duniya ta faɗa wani dogon sanyi da aka samu alamunsa a gefen tafkin Huron na Kanada. Wani abin al'ajabi da ya haifar kuma yana nan Afirka. A 1972 ma'aikatan nukiliya a Faransa suka ga yuraniyom ɗin da aka kawo daga ma'adinin Oklo na Gabon ya ɗan gaza a nau'in da ke ƙonewa: ana sa ran kashi 0.720 cikin 100, aka samu 0.717. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa shekara kusan biliyan 2 da suka wuce, wutar nukiliya ta kama da kanta a ƙarƙashin ƙasa a wurin. Yuraniyom ba ya narkewa a ruwa sai da oksijin, don haka sai bayan iska ta sauya ne ruwa ya iya kwaso shi ya tara a wuri ɗaya har ya kai ga kamawa.

Daga nan aka yi kusan shekara biliyan 1 abubuwa na tafiyar hawainiya, oksijin na nan amma kaɗan. Sai tsakanin shekara miliyan 720 zuwa 635 da suka wuce ƙanƙara ta rufe duniya har sau biyu, ta kai har tsakiyarta, kamar yadda Paul Hoffman ya nuna daga duwatsun Namibiya. Abin da ya fid da ita shi ne kabon ɗin duwatsu masu aman wuta da ya yi ta taruwa babu ruwan saman da zai wanke shi. Bayan nan oksijin ya ƙaru, dabbobi suka bayyana, a wajejen shekara miliyan 540 kuma suka yawaita a teku.

Tudu kuwa sai da tsirrai suka hau shi, wajen shekara miliyan 470 da suka wuce, kuma rufin ozon na cikin abin da ya ba su dama. Ba da daɗewa ba wani sanyin ya sake zuwa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Shekara miliyan 445 da suka wuce, yankin da yake Sahara a yau yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, domin nahiyoyi ma tafiya suke yi. A tsaunukan Jado na arewa maso gabashin Nijar, inda rana ke gasa dutse a yau, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu ɗauke da karce-karcen da tulin ƙanƙara ya bari sa'ad da yake jan ciki a kansu.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta a nan, don mutane da yawa na ɗauka cewa yawan itatuwa kawai shi ke tara oksijin. Itace na fitar da shi yana raye, amma in ya mutu ya ruɓe ko aka ƙone shi, sai ya karɓe abinsa daidai wa daida. Oksijin ba ya saura a sama sai in an binne itacen bai ruɓe ba. Haka ta faru tsakanin shekara miliyan 359 zuwa 299 da suka wuce, lokacin da manyan dazuzzuka suka yi ta faɗawa cikin fadamu laka na binne su. Su ne suka zama kwal ɗin Turai da Amurka, har da na Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas. Lissafin masana irin su Robert Berner ya nuna oksijin ya kai kashi 30 ko fiye a lokacin. Ƙwari, da yake ta ƙananan ƙofofin jiki suke numfashi, suka samu sarari: a ma'adinin kwal na Commentry a Faransa an tono wani dangin mazari mai faɗin fikafikai kusan santimita 70, akwai kuma ƙadandoniyar da ta haura mita 2. Don haka duk oksijin ɗin da ke sama yana da abokin rabuwa a binne a ƙasa, kwal ko ɗanyen mai ko baƙin dutse. In muka ƙona fetur, tsofaffin abokan nan muke sake haɗawa. Ana ma auna raguwar oksijin a sama yanzu, sai dai 'yar kaɗan ce ƙwarai, ba ita ce abin tsoro ba.

Abin tsoro a tarihin nan kullum daga zubowar kabon da sauri yake fitowa. Shekara miliyan 252 da suka wuce ƙasa ta tsage a Siberiya, narkakken dutse ya yi ta malala yana ƙona kwal da farar ƙasar da ya tarar. Zafi ya tashi, teku ya yi tsami ya rasa oksijin, fiye da kashi 80 cikin 100 na jinsunan halittun teku suka ƙare, mutuwa mafi girma da aka sani. An kuma samu ƙurar barbarar itatuwa ta lokacin a nakashe, abin da wasu masana ke ɗauka alamar rufin ozon ya yage. Shekara miliyan 56 da suka wuce aka sake yin ƙaramin irinsa, zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, kuma a zamanin ɗumin da ya biyo baya kadoji sun rayu a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada.

Tun daga nan sai sauka. Indiya ta yi karo da Asiya, tsaunukan Himalaya suka taso suka ba ruwan sama sabon dutsen ci, kabon ya yi ta raguwa, shekara miliyan 34 da suka wuce ƙanƙara ta rufe Antaktika. Wannan raguwar ta shigo har cikin tukunyarmu. Da kabon ya yi ƙaranci, wasu ciyayi suka samu dabarar tattara shi a cikin ganye kafin su sarrafa, dabarar da ke sa su jure zafi da ƙishi, suka mamaye filayen Afirka a cikin shekara miliyan 8 na baya-bayan nan. Gero da dawa da masara da rake duk 'yan wannan gidan ne; shinkafa da alkama na tsohon tsari ne. Tuwon dawa da furar gero, in ka bi salsalarsu, amsa ce da tsirrai suka ba wa iskar da ta sauya.

Na kusa-kusan nan ba sai an yi hasashe ba, domin iskar kanta na nan a ajiye. Ƙanƙarar Antaktika na kulle 'yan kumfar iska duk shekara, kuma Turawan da suka haƙa rami mai zurfin sama da kilomita 3 a wurin da ake kira Dome C sun ciro ta shekara 800,000. A duk tsawon nan kabon na kai da kawowa ne tsakanin kusan 180 a lokutan sanyi da 300 a lokutan ɗumi, cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu yana 280. Da Charles David Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya samu 315. A 2013 ya taɓa 400, yanzu ya haura 420. Na kan ji ana cewa ai duniya ta taɓa ganin fiye da haka, kuma gaskiya ne. Amma hawan da a ƙarshen zamanin ƙanƙara ya ɗauki shekaru dubbai, mun yi wanda ya fi shi cikin shekara 200, kuma abin da ɗan Adam ke fitarwa a shekara ya ninka na dukkan duwatsu masu aman wuta fiye da sau 60. Tsarin cin dutsen nan zai share shi, amma a nasa lokacin, wanda ya fi tarihin noma da na birane tsawo nesa ba kusa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa, alhali manomin da ke jiran ruwan shuka a Damagaram ko Daura ba shi da katangar da za ta kare shi daga sauran kashi 96.

Rufin ozon ma mun taɓa shi. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa iskar CFC da ake sa wa firij da gwangwanin feshi na hawa har sitiratosfiya, inda hasken rana ke fasa ta, sinadarin kulorin ya fito ya riƙa cin ozon. A 1985 Joe Farman da abokansa biyu na tashar Halley ta Birtaniya a Antaktika suka nuna ɓarnar ta riga ta auku. Shekara biyu bayan haka aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, wadda daga baya kowace ƙasa ta duniya ta shiga, kuma rufin na warkewa. Ana sa ran na saman Antaktika zai koma yadda yake a 1980 a wajejen 2066.

Su kansu hawa-hawan suna motsi a zamaninmu. Tun 1967 Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka lissafa cewa in kabon ya ƙaru, hawan ƙasa zai yi zafi amma na sama zai yi sanyi, domin a can inda iska ta sirance kabon na fitar da zafi ne zuwa waje. Da rana ce ta ƙara wuta, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Balan-balan da taurarin ɗan Adam sun tabbatar da lissafin Manabe, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021: tirofosfiya na kumbura, iyakarta a arewacin duniya na hawa da kusan mita 50 a kowace shekara 10, sitiratosfiya na sanyi tana tsukewa. Can ƙoli ma tamosfiya na ƙanƙancewa. 'Yar iskar da ke wurin ita ke jan matattun taurarin ɗan Adam da tarkacen rokoki a hankali har su faɗo su ƙone, kuma da yake tana ƙara sirancewa, tarkacen na daɗewa a sama fiye da da, a kan hanyar taurarin da ke duba mana hadari kafin ya iso.